Tsohon Gold Wing na gado: a gyara a sayar, ko a sallama shi yadda yake?

Wani matashi daga Jidda ya aiko da wannan tambaya: "Baba, barka da war haka. Kawuna ya rasu bara, ya bar wani ƙaton babur, Honda Gold Wing Aspencade na 1986. Tun 2013 bai sake hawansa ba saboda ciwon gwiwa. Da aka rushe unguwarmu a 2022, aka ɗora shi a motar ɗauka aka kai tsakar gidan wani ɗan'uwa, yana nan lulluɓe da tamfol. Wani ya taya riyal 4,000 yadda yake. Magada sun ce tunda ni ne mai ɗan taɓa sifana, in gyara a sayar da daraja. Ina tunanin in sayo batir in ga ko zai tashi, in kai shi fenti, in sa shi a Haraj, dandalin talla na intanet. Me ka gani?"

Allah ya jiƙan Kawu, ya kyautata namu zuwan. Ɗana, abu uku ka lissafa, batir da fenti da Haraj, kuma duka ukun ka jawo su gaba alhali wurinsu can baya ne. Na batir ɗin ya fi tayar mini da hankali. In ka riga ka sayo, kai shi ɗaki ka kulle, makullin babur kuma ya koma aljihunka, domin na san gidajenmu, ba a rasa ƙanen da zai ce bari dai ya ɗan danna ya ji ƙara. Dalilin yana tafe. Amma bari mu fara da abin da sifana ba ta gyarawa.

Ɗauko istimara, wato takardar rajistar babur, ka duba sunan wa ke jiki. Kar ka ce ai kowa ya san na Kawu ne. Mutanenmu da yawa a shekarun baya sun sayi abin hawa da sunan kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamansu a Saudiyya, ko wani aboki ɗan ƙasa, aka bar maganar a fatar baki, yau ga shi mai abu ya tafi, mai suna ma wataƙila ya tafi. In sunan Kawu ne, to dukiyar gado ce, ba ta sayuwa sai da takardar ƙididdige magada, wadda suke kira hasrul warasa, da wakalar da magada za su ba mutum ɗaya, ana fitar da ita ta Najiz, dandalin ma'aikatar shari'a na intanet. In da marayu ƙanana a ciki, a tambayi kotu kafin a taɓa rabonsu. Daga nan ka nufi murur, ofishin 'yan sandan hanya, ka ji halin da lambar take ciki: shekara nawa istimara ta yi da mutuwa, nawa ya taru na sabuntawa, akwai tsohuwar tarar da ba a biya ba. Sannan ka tsuguna da tocila a wuyan babur, inda sitiyari ya shiga firam, ka karanta lambar jiki harafi-harafi ka gwada da ta takarda. Waɗannan baburan a Marysville ta jihar Ohayo a Amurka aka harhaɗa su, don haka lambar tana farawa da 1HF, harafi na goma kuma shi ne shekara: E na 1984, F na 1985, G na 1986, H na 1987. In takarda ta ce 1986 ka ga G, alhamdu lillahi. In lambobin sun saɓa, ko aka ce maka babu hanyar tayar da istimarar, to ka daina karanta sauran amsar nan, ka kira mai riyal 4,000 ka sallama masa, bayan ka gaya masa gaskiyar takardun. Ƙaton babur na tafiya da ba zai hau titi ba, kayan gyara ne kawai da ke tsaye a kan taya biyu.

Akwai kuma takardar da babu ofishin da zai tambaye ka, amma ita za ta raba ka da ɓacin rai. Ku zauna da magada a rubuta: kuɗin gyara daga aljihun wa, iyakarsa nawa, kuma a cire shi a mayar wa mai shi kafin rabo. Ka sayi littafi ka riƙa liƙa kowane rasit. Na ga zumunci ya yi tsami a kan abin da bai kai kuɗin taya biyu ba. Wannan littafin kuma zai sake yi maka rana ranar ciniki.

To, mene ne a ƙarƙashin tamfol ɗin? Honda ta fara nuna Gold Wing a birnin Kolon na Jamus a 1974, ya shiga kasuwa a 1975 da suna GL1000. Naka jikansa ne, GL1200, wanda aka yi daga 1984 zuwa 1987. Injinsa cc 1,182, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, yana sanyaya da ruwa kamar mota, giya biyar, ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya. Abin da kake gani a gaban kujera kamar tanki ba tanki ba ne, murfi ne, tankin gaskiya yana ƙarƙashin mazauni. Bawul ɗinsa da matsin mai suke daidaita kansu, babu ruwanka da setin su. Nauyinsa ya haura kilo 320 ba fetur ba ruwa. Aspencade shi ne mai kayan alatu: rediyo da kaset, allon lambobi, da ɗan kwamfuresa mai hura wa shakazoba iska. Injin nan jaki ne, yana cinye kilomita dubu ɗari ya nemi ƙari. Gudu ba ya kashe shi. Zama ke kashe shi, musamman zama a Jidda, inda zafi ke busar da roba, raɓar teku kuma ke cin ƙarfe da bakin waya. Kuma tamfol, in ka ji ni, ba gata ba ne, tururi yake tarawa.

Yanzu ga maganar batir. A gaban injin, bayan lagireto, akwai bel biyu na roba masu haƙora, su ke haɗa juyin fistin da buɗewar bawul. Injin nan irin wanda fistin da bawul suke amfani da fili ɗaya ne, lokaci kawai ya raba su. Bel ya tsinke, ko ya tsallake haƙora, sai su haɗu. Na koyi wannan da kuɗina. Ina saurayi a sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, maigidana ya tafi sallar la'asar ya bar ni da wani GL1100 da aka kawo daga ajiya, ya ce in wanke shi kawai. Na jona batir. Ya yi tari sau biyu, ya tashi, ƙararsa lafiya lau kamar keken ɗinki, har na fara washe baki. Ban ƙirga ashirin ba na ji "tas", ƙaramar ƙara ce ma, kamar an karya tsinken tsire, sai injin ya yi shiru. Da muka buɗe, bel ɗin hagu ya rabe biyu, gefensa duk tsaga kamar diddigen manomi, bawul biyu sun lanƙwashe kamar cokali. Albashin wata biyu ya tafi a nan, ban da kallon da maigida ya yi mini, wanda har yau ina jinsa a ƙeya. Bel ɗin Kawu ya shekara fiye da goma a miƙe wuri ɗaya cikin zafin Jidda. Ko da ido ya ce maka yana da kyau, cire shi. Na kamfanin Gates mai lamba T070 yana shiga, kuma biyun ba su kai kuɗin bawul ɗaya da gaskit ba.

Akwai haɗari na biyu. In fetur ko ruwa ya tsiyaya ya cika silinda, ka danna sitata, fistin zai daki abin da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe. Don haka tsarin shi ne: cire fulogi huɗun, ɗiga ɗan mai a kowane rami, bar shi kwana biyu ko uku, sannan ka juya injin da hannu da sifana a hankali, ta inda ya saba juyawa. In ya zagaya sau biyu sumul, ka gode wa Allah. In ya cije, kar ka sa ƙarfi, ƙara mai ka ƙara haƙuri. Wajen sa sabon bel, ka kawo alamar T-1 daidai a ɗan ramin dubawa, rubutun UP na kan fulin biyu yana kallon sama, ka yi wa tsohon bel da fulin alama da fenti kafin ka zare. In ka gama ka sake juyawa da hannu sau biyu. In bawul zai taɓa fistin, gara ka ji shi a tafin hannunka. In ba ka taɓa yi ba, wannan aikin ka nemi wanda ya taɓa ya tsaya a kanka, ba abin kunya ba ne.

Kafin ka kashe riyal na gaba, akwai bincike uku da za su gaya maka ko a ci gaba. Na farko, juye baƙin mai a roba mai haske ka duba. Baƙi ƙirin ba komai. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga; in ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ƙasa, cikin ya ci kansa. Na biyu, auna matsin silinda huɗun, a lokacin kam za ka jona batir, bayan sabon bel da sabon mai. Abin nema shi ne huɗun su yi kusa da juna. In ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran da nisa, akwai magana. Na uku, kuma wannan namu ne na Jidda, nemi sawun ambaliya. Wanda ya ga ruwan Nuwamban 2009, da na Janairun 2011, da na 2022, ya san me nake nufi. Buɗe akwatunan gefe ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, leƙa akwatin matatar iska, zare fulogin waya biyu-uku na can ƙasa. Laka busasshiya mai laushi kamar garin lalle, da layin datti a miƙe a jikin firam, su ne shaida. Babur da ya sha ambaliya yana iya tashi ya yi wata uku lafiya, sannan wayoyi su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya a hannun wanda ya saya, ya riƙa ambaton sunanka ba da alheri ba. In biyu cikin ukun nan sun fito da mugun labari, riyal 4,000 ɗin nan ba raini ba ne.

In ya tsallake, sai hanyar fetur. Fetur ɗin 2013 yanzu ya zama wani abu kamar ƙaro, warinsa kamar tsohon fenti. Fitar da tankin babban aiki ne, sai tayar baya da rabin bayan babur sun sauka, don haka in bai huje ba, a wurinsa nake wankewa: garin tsami da masu kayan ƙamshi ke sayarwa, milhul laimun, a ruwan ɗumi, a cika, a bari ya kwana biyu, a zuƙe, a ɗauraye sosai, a busar, a cika da sabon fetur nan take kafin tsatsa ta dawo. Sabuwar matata, sababbin tiyo. Fetur 91, mai koren famfo, ya ishe shi, kar wani ya ce maka sai 95.

Kafireta huɗu ce, tana fita a haɗe. Nan ne masu gaggawa suke yin gyaran gangar Auzinawa. Za ka ga kayan gyaranta masu araha a intanet, da roba da allura da jet, 'yan ƙananan bututun da fetur ke bi, duka a leda ɗaya. Ɗauki robobin, zubar da jet ɗin. Na asali na tagulla da ke ciki ba sa ƙarewa, toshewa kawai suke yi, a jiƙa a hura da iska su koma. Na ledar nan raminsu ba ya zama daidai, sai ka shekara kana neman dalilin da babur ke shan mai kamar rijiya yana tari a sulo. Kar ka zura waya a ramin jet. Kar ka haɗa kayan kafireta ɗaya da na wata, kowace da kwanonta. In an mayar, a daidaita huɗun da agogon auna zuƙa, shi ne ke ba injin nan muryarsa ta asali, wadda mai saye ya zo ji. In ya tashi ka ga hayaƙi daga salansar hagu na minti biyu, kar ka firgita, haka suke yi in sun daɗe a jingine a kan ƙafar gefe. Farin hayaƙi mai zaƙi-zaƙi da ba ya ɗaukewa, shi ne na tsoro, gaskit ɗin kan silinda ke nan.

Yanzu ciwon gadon gidansu. Duk wanda ya san GL1200, kafin ya kalli fenti zai cire murfin gefen hagu ya leƙa kusa da batir. Akwai wayoyi uku rawaya da ke fitowa daga kwayil ɗin caji, suna shiga wani fulogin roba. Fulogin nan yana datti, ya yi zafi, ya narke, ya tafi da kwayil ɗin. Kwayil ɗin kuwa yana can bayan injin, ba a kai masa sai an sauke injin gaba ɗaya daga firam. Kayan ba tsada, aikin ne tsada. Da zarar babur ya tashi, ɗora mita a kan batir ka ɗan ja totur zuwa juyi 3,000: kana son ganin wajen bolt 13.5 zuwa 14.5. In yana zaune a 12 yana sauka, ba ya caji. Auna wayoyin rawayan bibbiyu, ya kamata su ba da wuta kusan ɗaya, kuma kada ko ɗaya ta haɗu da jikin injin. In kwayil na da rai, yanke fulogin nan ka jefar, ka haɗa wayoyin da dalma ka rufe da kyau. Wannan aikin rabin awa shi ne mafi riba a duk babur ɗin. Ka kuma duba babban fiyus, ɗan siririn ƙarfe mai amfiya 30 kusa da batir, yana tsagewa tsagar da ido ba ya gani, ya riƙa ɗauke wuta yana kawowa kamar aljani. In kwayil ya mutu, ka koma ga magada da lissafi kafin ka kwance ƙusa ɗaya. Wasu na ɗaura masa injin cajin ƙaramar mota daga waje, yana aiki, amma mai son abu na asali zai rage maka kuɗi a kai.

Sanyaya ba wasa ba ce a garin da zafi ke haura digiri 40. Wanke lagireto, canza tiyo da murfi, tabbatar fanka na tashi da kanta. Ruwan sanyaya ka nemi wanda babu sinadarin silikat, domin mai shi yana cin sil ɗin famfon ruwa. Akwai ɗan rami a ƙasan famfon, in yana ɗiga, famfon ya gaji. Kuma don Allah kar ka bari wani ya cire maka bawul ɗin zafi ya ce wai nan Saudiyya ba a buƙatarsa. Wannan al'adar ta sana'iyya na yi shekaru ina faɗa da ita ban ci nasara ba.

Birki da taya ba na ciniki a kansu. Man birki yana shan danshi, na Kawu yanzu ya zama kunu, fistin ɗin birki sun cije. A kwance, a wanke, sabon sil, sabon mai DOT 4, kuloci ma haka tunda da mai yake aiki. Ka sani birkin ƙafa a wannan babur yana kama baya da ɗaya daga cikin faifan gaba a tare, don haka fitar da iska daga layin yana son haƙuri. Taya kuwa, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ko zanenta bai taɓu ba, tayar da ta haura shekara goma katako ce, kuma kilo ɗari huɗu da mutum a kai ba ya tsayawa a kan katako. Ka duba wannan lambar a sabuwar da za a sayar maka ma, akwai kwantai a kasuwa. In tayar baya ta sauka, shafa wa haƙoran sandar juyawa giris mai moli, canza man giyar baya. Baƙin mai kuma na babur, mai alamar JASO MA, ba na mota ba, domin kulocinsa a cikin mai yake wanka.

Sai fenti, inda zuciyarka take. Kar ka yi. Na taɓa sayen irin wannan babur don kaina in juya, ruwan goro, rana ta ɗan cinye saman akwatin baya. Na ce bari in fito da shi ango. Na kai aka fesa shi baƙi mai sheƙi, na sa sabuwar rigar kujera, na ƙara fitilu. Mai saye ya taso tun daga Riyad, dattijo ne mai furfura, da ɗansa. Bai ce uffan ba, ya zagaya shi sau ɗaya, ya sa farce a bakin murfin akwati inda sabon fenti ya hau kan roba, ya ɗago ya ce da ni, "Hatsari ya yi?" Na rantse ban san ya yi ba. Ya ce, "To me aka rufe?" Ba ni da amsa, domin ban ɗauki hoto ko ɗaya kafin fenti ba. Ya tsuguna ya leƙa wayoyin rawaya, ya ga fulogin da ban taɓa ba, ya yi murmushi, ya taya ƙasa da abin da na kashe. Bayan wata biyu na sayar wa wani kusan a haka. Garin neman gira na rasa ido.

Mai sayen babur ɗin da aka ƙera kusan shekara arba'in da suka wuce ba ɗan acaɓa ba ne, ba kuma mai kai saƙon abinci ba. Mutum ne da ya san abin, wataƙila mahaifinsa ya hau irinsa, yana son fentin kamfani da zanen kamfani ko da sun dusashe. Wanke shi da kyau, goge da man goge fenti, tsatsar ƙarfe mai ƙyalli ka bi ta da takardar alminiyam da ruwa. Robobin jikinsa sun bushe, ka kwance su kamar kana ɗaukar ƙwai, kowace ƙusa a leda da rubutu. Inda kunne ya karye, irin robar nan ana narka gutsurenta a asiton ta zama manne, a gyara ta ciki ba a gani. Gilashin gaba in ya yi rawaya har ba a gani, canza. Rediyo in ya mutu, bar shi a mace a wurinsa ka faɗa. Kar ka yanka allon ka cusa na zamani. Duk abin da ka cire na asali, ko ya lalace, tara a kwali ka ba mai saye.

Game da kuɗi, ba zan yanka maka farashi daga nan ba tare da na ga babur ba, amma ga yadda ake yi. Shiga Haraj ka nemi irinsa, ka bi tallan na makonni, ka lura da waɗanda suka ɓace da wuri da waɗanda suka shekara ana sabuntawa. Kuɗin da aka rubuta buri ne, tayin da ke ƙasa shi ne kasuwa. Daga abin da ka ga ana sayarwa, cire kuɗin takardu, cire kayan gyara. Yawancin kayan daga waje za ka yi odarsu, a tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ba kasafai ake dacewa da na irin wannan ba, don haka ka lissafa dala a riyal 3.75, ka ɗora kuɗin jirgi da harajin kashi 15. Abin da ka samu, ƙara masa sulusi, domin tsohon babur bai taɓa tsayawa inda aka yi masa lissafi ba. In abin da ya rage bai fi 4,000 da tazara mai kyau ba, wahalar banza za ka sha. Sau da yawa riba mafi tsoka tana tsakiya: bel, fetur, caji, birki, taya, takardu, a tsaya nan.

In ya haɗu, kar ka sa shi kasuwa sai ka hau shi, da lasisin babur da inshora da hular kwano. Fara da zagayen unguwa, sannan hanyar Madina zuwa Zahban ka dawo, kana kallon allurar zafi. Ka tsaya ka duba ƙasa ko yana ɗiga. In ya yi haka sau uku lafiya, jarrabawar ƙarshe ita ce hawan Hada zuwa Ɗa'ifa, hawan dutse mai lanƙwasa har sama da mita 1,800. Babur da ya hau Hada bai tafasa ba, ya sauko birki bai yi laushi ba, ka samu jimlar da ta fi kowane fenti a talla. Amma in ba ka saba da nauyinsa ba, ba wanda ya saba ya hau, kai ka bi shi a mota.

Lokacin sayarwa sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da mahaya ke fita. A Yuli babu mai sha'awar zama a kan murhu. Ɗauki hoto da safe a fili, kowane gefe, har da wuraren da ba su da kyau. Yi bidiyo ɗaya ba yankewa: hannunka a kan injin a nuna sanyi ne, ka tayar, a ji sulo, a ga mita a kan batir. Ka rubuta abin da aka canza da kwanan wata, da abin da ba ya aiki, ka ɗauki hoton littafin rasit ɗin nan. Aibin da ka faɗa da bakinka ɗan kuɗi kaɗan yake ragewa. Wanda mai saye ya gano da kansa rabin ciniki yake ci, ban da cewa hadisin da Muslim ya ruwaito ya riga ya yanke: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Haka sa abokai su riƙa tayin ƙarya don farashi ya hau, najashi ke nan, an hana, kuma dukiyar marayu ba ta buƙatarsa. Ku yanke ƙaramin farashi da magada a sirrance. Tayin da bai kai ba ka ce albarka, ba tare da faɗa ba, sau da yawa shi ne zai dawo.

Masu kira za su yi yawa, masu saye kaɗan. Wanda ya ce ya turo kuɗi ya aiko maka hoton rasit, duba asusunka da idonka. Wanda ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ta banki ko ta manhajojin gwamnati Absher da Nafaz, kashe wayar. Mai son gwadawa ya nuna lasisi, kuɗi su zauna a hannunka, domin babur ɗin nan in ya kwanta a kwana ɗaya, robar da za ta fashe ba ta samuwa. Kafin alƙalami a rubuta shi da sharaɗinsa. Kuma makulli ba ya barin hannunka sai suna ya koma kan mai saye a istimara. Kar ka yarda da "gobe za mu je mu canza." Kyamarar Sahir, mai kama laifin hanya, ba ta san an yi ciniki ba, sunan da ke takarda take bi, ka ga ana rubuta wa mamaci tara. In dandalin da ka yi talla yana da la'ada, a cire a biya kafin rabo.

Yanzu abin da nake so daga gare ka a makon nan hoto huɗu ne: istimara gaba da baya, lambar wuyan firam, fulogin wayoyin rawaya, da cikin tanki da hasken tocila. Mai riyal 4,000 kuma kar ka kore shi, ce masa ya ba ka kwana goma.